Tarihin Gobir Na Jiran 'Ya'yansa: Wa Zai Ɗauki Nauyin Taron Ɗalibai?

Daga ranar 9 zuwa 13 ga watan Yuli na shekarar 2018, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta karɓi baƙuncin wani babban taron ƙara wa juna sani a kan daular Gobir, jiya da yau. Masana tarihi da harshe da adabi sun hallara daga jami'o'i dabam-dabam, aka yi kwanaki ana gabatar da takardu ana muhawara. A shekarar da ta biyo baya kuma, wato 2019, Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya nata taron a kan waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin fadar Sarkin Gobir na Isa. Duk wanda ya fito daga Sabon Birni ko Isa ya ji daɗin waɗannan tarurruka, domin an ɗaga sunan ƙasarsa a gaban duniya.

To, amma irin wannan taro aikin manya ne. Shaihunnan malamai ne ke shirya shi, su ne ke da bakin shiga ofishin shugaban jami'a, su ne kuma sarakuna da attajirai ke amsa wa waya. Ba kowace shekara ake yinsa ba. Tambayar da muke so mu aza a gaban masu karatu ita ce: tsakanin wannan babban taro da na gaba, wa ke ɗaukar nauyin ƙananan tarurrukan da ɗaliban digiri na biyu da na uku ke bukata, wato laccar yini guda, da bitar koyon aiki, da zaman da ɗalibi zai karanta abin da ya rubuta a gyara masa? Mun ga ya dace mu tattauna wannan batu, ganin cewa iyalai da yawa a cikinmu suna da 'ya'ya a wannan mataki na karatu, kuma galibi daga aljihun iyaye kuɗin ke fita.

Abin Da Ƙaramin Zaure Ya Haifar

Mai karatu zai iya cewa, mene ne amfanin tara mutum ashirin a ɗaki su yi ta magana a kan abin da ya wuce? Amsar tana Zariya. A Jami'ar Ahmadu Bello, marigayi Abdullahi Smith ya raini wasu matasa a sashen tarihi ta hanyar zama irin wannan, inda ɗalibi zai kawo babi guda na kundinsa, malamai da abokan karatu su yi masa tankaɗe da rairaya. Daga wannan sashe ne Yusufu Bala Usman ya fito da bincikensa kan Katsina, wanda aka buga a 1981. Daga nan ne Garba Nadama ya rubuta kundinsa kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a 1977, kafin daga baya ya zama gwamnan Jihar Sakkwato. Daga nan ne kuma Abdullahi Rafi Augi ya kammala nasa kundin a 1984, kan rawar da Gobir ta taka a tarihin ƙasashen kogin Rima tun daga wajen 1650 har zuwa 1808. Har gobe mai son sanin Gobir sai ya nemi wannan kundi.

Haka nan taron da aka yi a Sakkwato a 1975 kan tarihin daular Usmaniyya, takardunsa sun zama littafi a 1979, kuma ɗalibai na amfani da shi har yanzu. Abin lura a nan shi ne, fannonin tarihi da harshe da adabi da falsafa ba su da ɗakin gwaje-gwaje irin na masu kimiyya. Ɗakin gwajinsu shi ne zaman muhawara. Idan aka hana ɗalibin tarihi wannan zama, kamar an ba manomi gona ne aka hana shi fartanya.

Ƙasar Da Muke Magana A Kanta

Ga waɗanda ba su san yankin ba, Sabon Birni da Isa ƙananan hukumomi ne a gabashin Jihar Sakkwato, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Tarihin baka ya nuna cewa Gobirawa sun gangaro ne daga wajen Azbin, suka yi ta sauya mazauni har Sarki Babari ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, a ƙasar da a da take hannun Zamfarawa. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki. A zamanin Yunfa ne rikici ya ɓarke tsakanin fada da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, kuma Alƙalawa ta faɗi a 1808. Kufanta na nan a ƙasar Sabon Birni.

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya saɓani ya shiga tsakanin 'ya'yan sarauta, Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai dangi guda suka wayi gari a ƙasa biyu: Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Wani abin mamaki shi ne, cikin tsofaffin rubuce-rubucen da ake dogara da su kan sarakunan Gobir akwai bayanan da ayarin Tilho na Faransa ya tattara daga bakin dattawa lokacin aikin shata iyakar, tsakanin 1906 da 1909. Wato baƙo ne ya zauna ya saurari kakanninmu ya rubuta.

Abubuwan da ba a gama bincike a kansu ba suna da yawa. Akwai sarautar Inna ta Gobir da matsayin mata a fada. Akwai karin harshen Gobirci da yadda ya bambanta da Sakkwatanci da Katsinanci. Akwai wasan taubasantaka tsakanin Gobirawa da Yarabawa, da tsagen fuska da ke ɓacewa, da fataucin da ya haɗa kasuwannin yankin da na Maraɗi da Madawa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi kan Narambaɗa a 2009, amma makaɗan noma da na mata da na maza da suka rayu a ƙauyukan nan, da yawansu sun tafi da abin da ke kansu.

Halin Da Ake Ciki

Abin da ya sa batun ya zama na gaggawa shi ne rashin tsaro. Tun daga 2019 dubban mutanen yankin suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi domin tsira da rayukansu. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyukan Sabon Birni suka kashe mutane da dama. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a yankin na wani lokaci. A watan Disamba na shekarar kuma aka ƙona matafiya a cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024, Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi.

Idan gari ya watse, ba gidaje da rumbuna kaɗai ke salwanta ba. Tsohon da ya san jerin sunayen hakimai yana gudun hijira a wani gari, tsohuwar da ta san waƙoƙin daɓe da na niƙa tana wani garin, takardun da aka gada a cikin gafaka kuwa wataƙila wuta ko gara ta cinye. Baƙon mai bincike ba zai iya shiga ba, ko ya shiga ba za a saki jiki da shi ba. Wanda zai iya wannan aiki shi ne ɗan ƙasa, wanda ya san inda kawunsa ya koma da zama, ya kuma san yadda ake gaida dattijo kafin a yi masa tambaya. Irin waɗannan matasa suna nan a jami'o'in Sakkwato da Gusau da Katsina da Kano da Zariya, kowa na fama shi kaɗai. Abin da ya rage shi ne a haɗa su wuri guda su san juna, su koyi dabarun ɗaukar hira da adana ta, su kuma raba aikin a tsakaninsu, kada mutum uku su yi ta tisa abu guda alhali wasu abubuwa goma na kwance.

Ina Kuɗin Suke?

Ba za a ce gwamnati ba ta sa kuɗi a ilimi mai zurfi ba. Idan ba a manta ba, bayan yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙulla da gwamnati a 1992, an kafa dokar harajin ilimi a 1993, wadda ta wajabta wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka mai da asusun ya zama na manyan makarantu kaɗai, shi ne ake kira TETFund. An ƙara harajin zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, ya kuma kai kashi 3 a 2023. A 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar haraji wadda ta haɗe shi da wasu cikin harajin raya ƙasa, inda asusun ke da nasa kason.

Wannan asusu ya gina ɗakunan karatu, ya tura malamai ƙaro ilimi, yana biya musu kuɗin halartar taro, yana kuma tallafa wa bincike da buga mujallu da littattafai. Sai dai waɗannan ƙofofi an tsara su ne domin ma'aikatan makarantu. Ɗalibin da yake malami ne a jami'a ko kwalejin ilimi yana iya cin moriya. Amma malamin firamare daga Isa, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma daga Sabon Birni, ko wadda mijinta ke biya mata, waɗanda suka shiga digiri na biyu da guminsu, ba su cikin wannan layi. Asusun ba ɗalibai rance da aka buɗe a 2024 shi ma kuɗin makaranta da na ɗawainiya yake bayarwa, ba na shirya taro ba.

Saboda haka abin da aka saba gani shi ne ɗalibai su yi karo-karo. Su biya kuɗin buga takardu, su sayi ruwa da lemo, su sayi man janareta, su biya kuɗin motar baƙon malami da masaukinsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota daga Kano ko Zariya zuwa Sakkwato ya zama abin da ɗalibi zai yi tunani sau biyu a kansa. Ga kuma yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ci wata takwas, ya ƙara wa ɗalibai tsawon zama da kashe kuɗi. A irin wannan hali, abu na farko da ake yankewa shi ne taro, tunda ba ya cikin abin da ake ba maki a kansa.

Yadda Ake Yi A Wasu Wurare

A jami'o'i da dama na Amurka da Ingila akwai cibiyoyin nazarin fannonin adabi da tarihi da ke ware wani ɗan kaso kowace shekara musamman domin tarurrukan da ɗalibai da kansu suka shirya. Tsarin ba shi da wuya. Ɗalibai biyu ko uku za su rubuta abin da suke so su yi da dalilinsa, su jera abin da za a kashe, malami guda ya sa hannu. Kwamiti ya duba ya zaɓa. Bayan taro a kawo rasit da ɗan rahoto. Kuɗin ba su da yawa, amma an san lokacin nema, an san ƙa'ida, ba sai ɗalibi ya san wani ba.

A nan Afirka ma an ga misalai. Majalisar CODESRIA da ke Dakar, wadda aka kafa a 1973, ta daɗe da sanin darajar ƙaramin tallafi ga masu rubuta kundi. Wani shiri kuma da gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyinsa daga 2008 ya tallafa wa matasan masana adabi da tarihi a Nijeriya da Gana da Yuganda da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya yi sama da shekara goma kafin ya rufe. Darasin da ke ciki shi ne, kuɗin waje na zuwa yana tafiya. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci, wata rana da yunwa zai kwana.

Inda Batun Ya Taɓa Mu

Wani zai ce wannan tarihin sarakuna ne da malamai, ina ruwan ikkilisiya? Muna tunatar da 'yan'uwa cewa a Tsibirin Gobir ne mishan ta SIM ta buɗe tasha a 1927, bayan ta Damagaram, kuma asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 ya yi jinyar mutanen ɓangarorin iyaka biyu. Littafin da ya fi yin bayani kan masu bi na ƙasar Maraɗi, wata Ba'amurkiya ce mai suna Barbara Cooper ta rubuta shi, aka buga a 2006. Mun gode mata. Amma dattawan da suka ga farkon abin suna ƙarewa, kuma labarin yadda Kirista da Musulmi suka zauna a gari guda, suka ci kasuwa guda, suka yi wa juna gaisuwar mutuwa da ta haihuwa, jikokinsu ne suka fi cancanta su rubuta shi. Zaman da ɗalibi Musulmi da ɗalibi Kirista za su yi a teburi guda suna tantance tarihin garinsu da hujja, shi kansa aikin zaman lafiya ne.

Shawarwarinmu

Da farko, muna kira ga jami'o'in yankin, musamman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wadda aka kafa tun 1975 da Jami'ar Jihar Sakkwato, da su duba yiwuwar ware wani kaso bayyananne daga kuɗin da ɗaliban manyan digiri ke biya, domin tarurrukan da ɗaliban suka shirya da kansu. A sanar da lokacin nema a allo, a bayyana waɗanda suka samu da abin da aka ba su. A kuma sa ɗalibi a cikin kwamitin zaɓe.

Na biyu, a fifita taron da zai bar wani abu a baya. Bitar kwana biyu da za ta koya wa ɗalibai yadda ake neman izinin mai ba da labari, da ɗaukar murya, da rubuta ta, da ajiye kwafi a ɗakin karatu na jami'a da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ta fi taron da rabin kuɗinsa zai tafi a jaka da kalanda da hoton babban baƙo.

Na uku, kada a tura ɗan kowa cikin haɗari saboda takardar digiri. A yi tarurrukan a Sakkwato ko wani wuri mai aminci, a ɗauko dattawan da suka yi hijira a biya musu kuɗin mota, a girmama su a matsayin malamai, ba abin kallo ba. Wanda ya ba da labari kan abin da ya same shi a hannun 'yan bindiga, a sakaya sunansa.

Na huɗu, a tuna cewa rabin Gobir na hayin iyaka. Maraɗi na da jami'a, wato Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma Yamai na da masana da suka daɗe suna nazarin Gobir da Adar. Rufe iyaka da aka yi daga 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sun nuna yadda siyasa ke raba zumunta. Inda tafiya ta gagara, ana iya haɗa zaure biyu ta intanet, ko da yake shi ma yana cin kuɗin data da na wuta, don haka a sa shi cikin lissafi.

Na biyar, 'yan kasuwa da 'yan siyasa da ƙungiyoyin ci gaban gari na Sabon Birni da Isa su sa hannu, amma ta hanyar asusun jami'a, ba hannu da hannu ba. Dalili kuwa shi ne, tarihin sarauta abu ne mai zafi. Idan mutum guda ya biya kuɗin taro, ɗalibi zai ji nauyin faɗin abin da ba zai yi wa gidansu daɗi ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na shida ya shafe mu kai tsaye. Ikkilisiyoyi da yawa a Sakkwato da Gusau da Zariya suna da zaure da kujeru da lasifika da ke zaune daga Litinin zuwa Juma'a. Wasu na da ɗakin baƙi. Zumuntar mata ta saba dafa abincin ɗaruruwan mutane a lokacin taro. Idan ɗalibai suka zo neman aron wuri domin lacca, kowane addini suke bi, a duba musu da idon rahama. Majalisar dattawa kuma na iya ware wani abu kaɗan a shekara domin 'ya'yanmu da ke wannan mataki, da sharaɗin su kawo lissafi, su kuma dawo su yi wa jama'a bayanin abin da suka gano da Hausa.

Su ma ɗalibai akwai nasu. Wanda ke neman a ba shi amana sai ya nuna ya iya riƙe ta. Ku fara da abin da ba ya cin kuɗi: zaman mutum biyar a gindin bishiya sau ɗaya a wata, kowa ya karanta shafi biyar. Ku rubuta sunayen waɗanda suka zo da abin da aka tattauna. Ranar da za ku shiga ofis neman tallafi, wannan littafi ne zai yi muku magana. Idan an ba ku naira, ku kawo rasit ɗin naira, domin ku buɗe wa na bayanku ƙofa.

Abin da ake bukata bai kai kuɗin gina aji guda ba, amma jinkiri na da tsada, domin kowace damina akwai dattijon da ba zai ga ta gaba ba. Ayarin Tilho ya rubuta abin da ya ji fiye da shekara ɗari da suka wuce, Augi ya rubuta nasa a 1984. Abin da ya sami Gobir daga 2019 zuwa yau, da abin da tsofaffinta ke riƙe da shi a ka, yana jiran waɗanda za su zauna su rubuta.

Allah ya kawo zaman lafiya a Sabon Birni da Isa da ƙasa baki ɗaya, ya mai da waɗanda suka watse gidajensu, ya kuma ba 'ya'yanmu masu karatu hikima da riƙon amana. Amin.